Zazzaɓin Gwaggo

Duk layin babu wanda ke kiransa da wani suna sai Malam Tafireta, alhali rabon da a ji ƙarar tafireta a shagonsa an kai shekara goma sha uku. Sunan ya manne masa ne tun a ofishin da ya yi shekara ashirin da bakwai yana buga wasiƙu, ya biyo shi har cikin ritaya, ya samu wuri ya zauna. Shi ma bai taɓa ƙoƙarin korarsa ba. In ka ce "Malam" kawai, sai ya ɗan jinkirta amsawa, kamar yana jira ka ƙarasa.

Shagon ɗan mitsitsi ne, taku huɗu ka kai bango. Akwai tebur ɗaya a jikin taga, da bencin masu jira, da kabad ɗin ƙarfe wanda tsohuwar tafiretar ke zaune a kansa tana hutawa. Ta hannun dama bango ɗaya ya raba shi da Tela, abokinsa na shekara da shekaru. Bangon bai kai rufi ba, don haka hira da ƙarar keken ɗinki da duk abin da iska ta ɗauko suna tsallakowa ba sallama.

Aikinsa buga wa mutane takardu: neman aiki, yarjejeniyar haya, koke kan famfon da ya daina kawo ruwa, wasiƙar ban haƙuri ga shugaban makaranta. Amma waɗanda suka san shi ba don saurin yatsunsa kaɗai suke zuwa ba. Mutum zai shigo yana huci, ya ce a rubuta wa mai gidan hayarsa cewa shi azzalumi ne marar imani. Malam zai gyara tabarau, ya buga, ya karanta masa: "Ina tunatar da kai cikin girmamawa cewa rufin ɗakin yana yoyo tun daminar bara." Sai mutumin ya ce, "To ina azzalumin?" Malam ya ce, "Yana nan, in ya karanta zai ga kansa." Sau da yawa kuwa sai ka ji an gyara rufin. Abu ɗaya ne ba ya yi, ba ya buga ƙarya. In ka ce ya ƙara maka shekarun gogewa a takardar neman aiki, zai ɗage hannu daga kan kibod ya harɗe a ƙirji, ya zuba maka ido har sai ka ji kunya.

Kwamfutar kuwa 'ya'yansa ne suka kawo masa, lokacin da ribon tawadar tafireta ya zama sai an yi cigiya. Irin ta kan tebur ce, mai akwatin ƙarfe tsaye a gefe da allo mai kauri. Sati guda Malam ya yi yana harararta. Ran da ya gano cewa mutum na iya goge kuskure ba tare da ya ɓata takarda ba, ya kira Tela ya nuna masa har sau biyar. Autarsa ce ta raɗa mata suna Gwaggo, saboda in an tashe ta da safe sai ta yi nishi, ta yi gyaran murya, ta gama shirinta a tsanake, kuma ba ta son a yi mata magana biyu a lokaci guda.

Malam ya riƙe Gwaggo yadda aka koya masa riƙon inji. Maigidansa na farko a ofis ya gaya masa cewa inji abu biyu yake so, mai da mayafi, shi kuma bai taɓa mantawa ba. Don haka duk safiyar Alhamis Tela zai miƙo masa 'yar kwalbar man keke mai dogon baki ta saman bango. A gefen akwatin Gwaggo akwai 'yan ramuka, in ka leƙa za ka hangi fanka tana juyawa a ciki. Nan yake ɗiga uku, ba ƙari ba ragi. Mayafi kuma matarsa, Umma, ita ta zaɓo yadi mai ruwan goro da furanni, Tela ya ɗinka shi da soso a ciki, ya bar 'yar kafa ta maɓallin kunnawa da wata ta wayoyi. Da farko sai an tashi aiki ake lulluɓe ta. Amma shekara biyu da suka wuce Tela ya fara ɗinkin matasan kai, auduga ta riƙa tsallako bango tana yawo a shagon, sai Malam ya ce daga yau Gwaggo ta daina tuɓe riga. Ranar Alhamis kawai yake ɗaga gefe ɗaya ya ba ta mai, ya mayar.

Akwai kuma maganar makulli. Shekara uku baya hawan jini ya kwantar da Malam sati biyu. Da ya samu sauƙi 'ya'yan suka taru a falo, babbansu, wanda duk gidan ke kira Yaya Babba, ya ce lokaci ya yi da za a rufe shago Baba ya huta. Malam ya ce hutun me, shi da yake aikinsa a zaune? Aka yi ta ja har ya gaji ya ce, "To ku ji. Ni da Gwaggo tare za mu ajiye aiki. Ranar da ta tsaya ku zo ku karɓi makulli, ba sai an sayi wata ba." Yaya Babba ya sa ya maimaita a gaban kowa. Ya maimaita yana murmushi, don a ransa injin da ke samun mai duk Alhamis ba shi da ranar tsayawa.

Ranar ta zo a tsakiyar bazara, wata Talata, yana cikin buga wa wata ma'aikaciyar jinya takardar neman canjin wurin aiki. Fankar ciki ta fara kuka, kukan ya yi ta hawa kamar mota mai kaya a kan tudu, sai ɗif, allo ya yi baƙi. Malam ya ɗaga kai ya ce, "Sun ɗauke." Matar ta dubi ƙwan fitilar da ke ci a saman kansa, ta dube shi. Ya danna maɓalli, Gwaggo ta tashi, ta yi minti goma ta sake ɗaukewa. Da ya ɗora tafin hannu a kan mayafin sai ya ji shi kamar goshin mai zazzaɓi.

Ya fara auna ta da agogon hannunsa. Satin farko tana yin minti arba'in kafin ta sume. Sati na biyu ashirin da biyar. In ya bar ta ta huce na kwatan awa, sai ta tashi garau kamar ba ita ba. Bai gaya wa kowa ba. A gida in an tambaye shi aiki sai ya ce, "Da godiya," wanda ba ƙarya ba ne. Ya dai san abin da ke jiransa in maganar ta kai kunnen Yaya Babba: kujerar roba a ƙofar gida, da rediyo, da kallon mutane suna wucewa zuwa wuraren da ake bukatarsu.

Sai ya ƙirƙiro dabara. Ya kawo butar shayi ta lantarki da kofuna shida daga gida. Yana bugawa kunnensa na kan fanka. Da ya ji kukan ya fara hawa sai ya adana aikin, ya kashe ta da kansa, ya juyo da fara'a: "Saurin me ake yi? Bari mu sha shayi tukuna." Nan da nan labari ya bazu a layi cewa Malam Tafireta ya zama mai kyauta a tsufansa. Har waɗanda ba su da takardar bugawa suka fara leƙowa gaisuwa.

Tela ne ya fara ganewa. Wata rana ya zagayo da tef ɗin awo a wuya, ya ce, "Mutumina, shekara nawa muna maƙwabtaka ban taɓa shan ko ruwan zafinka ba. Yau kofi na huɗu ke nan. Wa ke ciwo?"

Malam ya leƙa waje, ya jawo ƙofa, ya nuna Gwaggo da haɓa.

"Af! Ai da ka faɗa tuntuni. Ni da na shekara talatin a kan inji? In keke ya yi zafi, mai ne ya yi masa kaɗan. Nawa kake ɗiga mata?"

"Uku."

"Uku! Tsohuwa kamar wannan? Mai da shi goma."

Aka mai da shi goma. Tela ya kawo fankarsa ta tsaye aka saita ta a kan mayafin, ta yi ta watsa takardu. Aka ɗora gorar ruwa mai ƙanƙara a saman akwatin, ta narke ta jiƙa furannin. Kafin ƙarshen satin Gwaggo ba ta wuce minti goma sha biyu. Tela ya ce wataƙila man ne bai gama ratsa ta ba.

Ranar Laraba Yaya Babba ya kira waya.

"Baba, akwai rahoton ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai, shafi arba'in ne da hannu. Rubutun sakatarenmu kuwa ba mai iya karanta shi sai kai. Zan zo ranar Asabar da safe in zauna, muna yi muna gyarawa."

"Ka aiko da shi mana, in buga a nitse."

"A'a, akwai wuraren da sai ina kusa. Awa huɗu ai mun gama."

Awa huɗu. Malam ya lissafa a ransa, hutun shayi ashirin ke nan. Ko ɗan cikinka bai isa ya sha kofi ashirin bai yi tambaya ba.

Da yamma ya zauna a gaban abinci yana ta jujjuya cokali. Umma ta ɗan jima tana kallonsa, sannan ta ce, "Malam, ita ce ko?"

"Wa?"

"Gwaggo. Sukarin gidan nan ba ƙafa gare shi ba. Wata guda ke nan ina cika gwangwani yana bin ka shago."

Ya ajiye cokali.

"Ka kira Auta," in ji ta.

Auta aikinta ke nan. A wani kamfani take, ita ke kula da kwamfutocinsu sama da sittin. Amma tunda Gwaggo ta shigo shagon, Malam bai taɓa bari ta kwance mata ko sukuru ɗaya ba.

"Yarinyar da ta lanƙwasa mini harafi?"

"Tana 'yar shekara shida, Malam. Yanzu ashirin da tara gare ta, da 'ya'ya biyu."

"Har yau in kin buga 'k' a tafiretar nan a karkace yake fitowa. Ban da haka ma ai 'yar ɓangarensu ce. Tana falon nan ran da aka yi maganar makulli."

"To sai ka zaɓa. Ko 'yarka ta gani ranar Juma'a, ko ɗanka ya gani ranar Asabar."

Washegari Tela ya miƙo kwalba, Malam ya ɗiga goma, ya zauna yana kallon waya har rana ta take. Sannan ya kira. "Auta, in kin tashi aiki gobe ki biyo. Ba wani abu ba ne. Gwaggo ce ba ta ɗan jin daɗi."

Ta iso da la'asar, da jakar baya da katin aiki rataye a wuya. Ta russuna ta gaishe shi, ta ɗaga murya ta gai da Kawu Tela ta saman bango, sannan ta juya ta ga Gwaggo: mayafi mai soso, gorar ruwa a kai, fankar tsaye na hura ta. Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa.

"Dariyar me kike yi?"

"Ba dariya nake ba, Baba. Tun yaushe take cikin rigar sanyi?"

"Shekara biyu. Saboda auduga."

"Ko tana aiki?"

"Ai lokacin aiki ne audugar ke tashi."

Tela ya shigo ya jingina da ƙofa. "Injiniya, sannu da zuwa. Kar ki ga laifin ɗinkin nan, soso biyu na sa."

"Na gani, Kawu. Ɗinki ya yi. Ko iska ba ta isa ta shiga ba."

Tela ya gyara tsayuwa, ya ji daɗi.

Malam ya miƙa hannu zai yaye mayafin, ta ce ya dakata. "Ba a canja abu biyu lokaci guda, Baba, in ba haka ba ba za mu san wanne ne ya yi magani ba. Ka ɗauko takarda da biro. Duk abin da muka taɓa sai mu auna, ka rubuta." Wannan ya kwanta wa Malam, aiki ne mai tsari irin na ofis. Har da rula ya ɗauko ya ja layi.

Ta kashe fankar Tela, ta sauke gorar, ta kunna Gwaggo, ta sa mata wata 'yar manhaja daga filash ɗinta. Lamba ta fito a kusurwar allo. Ta ce wannan zafin furosesa ne, wani ɗan abu a can ciki wanda shi ke yi wa kwamfuta duk tunaninta. In yana aiki zafi yake fitarwa, in zafin ya doshi digiri ɗari sai ya kashe komai don kada ya ƙone.

"Wato ba mutuwa take yi ba?"

"Gudun mutuwa take yi."

Lambar ta ce saba'in da tara, alhali ba a buɗe komai ba. Auta ta buɗe takardu uku da hoto ɗaya, lambar ta fara hawa: tamanin da shida, casa'in da ɗaya, casa'in da bakwai. Fanka ta yi kukanta, allo ya yi baƙi. Malam ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa: da riga, saba'in da tara, ta sume a minti tara.

Aka bar ta ta huce, aka tuɓe rigar. Saba'in da ɗaya. Wannan karon ta yi minti goma sha takwas kafin ta sume. Malam ya dubi mayafin da ke ninke a kan benci kamar wanda aka ce masa amininsa ne ɓarawon.

"Wa zai gaya wa Umma?" in ji Auta.

"Ke dai yi aikinki."

Ta zare waya daga bango, ta fito da sukudireba. Da ta ɗora ta a kan sukurun farko Malam ya ɗan miƙe daga kujera, ya koma ya zauna. Murfin gefe ya fita. Su ukun suka sunkuya.

Ga fanka a tsakiya, a ƙarƙashinta wani ƙarfe mai haƙora jere kamar na mataji. Auta ta ce ta tsakanin haƙoran nan iska ke bi ta kwashe zafi. Sai dai babu sauran tsakani. Auduga da ƙura sun cuɗe da wani abu mai danƙo, sun zama baƙin bargo mai sheƙi. Ta sa hantsaki ta kama gefe ta ja, ya taso gaba ɗaya, faifai guda.

Tela ya karɓa ya murza. "Kai! Wannan ai yadi ne. Ya isa hular jariri."

Auta ta tura fankar da ɗan yatsa, ta yi rabin zagaye ta tsaya, fukafukanta sun yi nauyi. Ta shinshina yatsan. "Ƙura kaɗai ba ta yin haka. Busasshiyar ƙura hurewa ake yi ta tashi. Wannan mai ne. Wa ke zuba mata mai?"

Malam ya dubi kalanda. Tela ya dubi rufi, ya ce kamar ya ji ana sallama a shagonsa.

"Kawu, tsaya. Warin man keke nake ji."

"Ni aro kawai nake bayarwa."

"Ba kai ka ce a mai da shi goma ba?" in ji Malam.

"Goma?" in ji Auta. "A shekara?"

"A sati," Malam ya faɗa a hankali. "A da uku ne."

Ya zaci za ta fashe da dariya. Ba ta yi ba. Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, abin da yake yi in ba ya son a ga idonsa.

"Duk Alhamis," ya ce. "Ko lokacin da nake kwance sai da na ba kawunki makulli ya ɗiga mata. Ashe ni ne ciwon."

"Baba, kwamfutocin da aka saya mana shekara biyar baya rabinsu suna sito sun mutu, don babu wanda ya damu da su. Wannan shekararta goma sha uku, ko ƙwarzane babu. Tafireta ce ke son mai da mayafi. Ita wannan iska take so, shi ke nan."

Ta duba jaka tana neman buroshi, ashe ba ta zo da shi ba. Malam ya tashi ya buɗe kabad, ya zaro wani ɗan gwangwani. A ciki akwai buroshin tafireta mai mariƙin katako, wanda ya yi sumul don riƙo. Tun suna yara an san ba a taɓa shi. Ya miƙa mata ta mariƙin.

"A hankali. Ban da irin ta 'k'."

"Baba, wallahi Yaya Babba ne ya ce in danna da ƙarfi."

"Sai yau? Bayan shekara ashirin da uku?"

"Ai ba wanda ya tambaye ni."

Ta goge fankar da ƙarfen da buroshi da sifirit, haƙori bayan haƙori, Malam na haska mata da fitilar waya. Aka kunna. Sittin da biyu. Tela ya tafa. Amma da aka ɗora mata aiki lambar ta sake hawa, ta kai tamanin da takwas ta tsaya nan tana rawa. Ba ta sume ba, sai dai Auta ta girgiza kai, ta ce awa huɗu a haka ba tabbas.

Malam ya rubuta lambar. "Tsufa ne ke nan."

"Saura wuri ɗaya."

Ta kashe, ta murɗa ƙusoshin roba huɗu da ke riƙe da ƙarfen, ta ɗaga shi. A ƙarƙashi ga furosesar, ɗan murabba'i, bai kai kwalin ashana ba. Malam ya ƙura masa ido. Wannan ɗan abin ne ya shekara goma sha uku yana taya shi aiki, ba su taɓa haɗuwa ba. A kansa akwai wani abu mai ruwan toka da ya bushe ya tsattsage kamar tsohon fenti. Auta ta ce wani irin mai ne mai kauri da ake sawa tsakanin furosesa da ƙarfe, ya cike 'yan ramukan da ido ba ya gani, zafi ya samu hanyar wucewa. In ya bushe sai ya koma tare hanyar. Ta goge shi tas, ta fito da wani abu kamar sirinji, ta matso ɗigo ɗaya a tsakiya, bai fi ƙwayar wake ba.

Malam ya gyara tabarau. Fuskarsa ta fara washewa. "Tsaya. Me kika ce wannan?"

"Man da na gaya maka."

"Mai dai?"

"Eh, amma..."

"Tela, ka ji ko? Mai take so! Tun farko na san mai take so."

"Ai na faɗa," in ji Tela. "Wurin kawai muka kuskure."

"Da irin man, da yawansa, da lokacinsa," in ji Auta. "Wannan sau ɗaya ne a shekara uku, kuma ni zan sa."

Ta mayar da ƙarfen, ta danna ƙusoshin har kowanne ya ce ƙas, ta rufe murfi, ta jawo akwatin daga jikin bango don iska ta samu mafita. Gwaggo ta yi nishinta, ta yi gyaran murya. Lamba ta fito: arba'in da ɗaya. Aka buɗe duk abin da za a iya buɗewa, aka zauna jira har minti arba'in. Ba ta wuce hamsin da takwas ba. Fankar kuwa sai ka kasa kunne kafin ka ji ta.

Tana haɗa kayanta Malam ya ce, bai dube ta ba, "Yayanki fa?"

"Ni gyara aka kira ni. Ban ga komai ba."

Ya gyaɗa kai. Amma bayan ta tafi ya daɗe a zaune yana kallon takardar lambobin.

Ranar Asabar Yaya Babba ya iso ƙarfe tara da rahotonsa, ya zauna a benci, a kan mayafin da aka ninke, bai ma san a kan me yake ba. Malam ya hau bugu, yatsunsa na gudu kamar zamanin ofis. Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi. Mutum biyu suka leƙo neman shayi, aka ce yau ana aiki. Ƙarfe ɗaya saura kwata firinta ta tofo shafi na ƙarshe, lambar kusurwa tana hamsin da huɗu.

Malam ya jera takardun, ya daidaita gefensu a kan tebur, ya miƙa. Sannan ya zaro makullin shago daga aljihu ya ɗora a kai, tare da takardar lambobi.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Na ce ranar da ta tsaya ku karɓa. Ta tsaya. Wata guda ta yi tana tsayawa, wata ranar ma sau goma. Jiya ƙanwarka ta tashe ta. Ga shi nan a rubuce."

Yaya Babba ya karanta daga sama har ƙasa. "Da riga? Wace riga?" Aka nuna masa abin da yake zaune a kai. Tela, wanda ba a kira ba, ya zagayo da faifan baƙar audugar a cikin leda, wai shaida. Yaya Babba ya yi ta dariya har da tari. Daga baya ya tsaya yana jujjuya makullin a hannu. A bakin ƙofa wani dattijo na tsaye da ninkakkiyar takarda. Aka ce ya yi haƙuri ana magana, ya ce ba komai, zai jira, wasiƙar ta ɗansa ce da suka yi faɗa, in ba Malam ba ba wanda zai iya faɗar ta yadda ba za ta ƙara ɓata abin ba.

Malam ya jingina da tebur. Idonsa na kan makullin.

"Baba," in ji Yaya Babba, "wannan ai suma ce, kuma ta farfaɗo. Amma ina da sharaɗi. Tunda ka iya rubuta lambobinta haka, ka ja layi na biyu. Duk Alhamis ka shiga kemis ɗin kan kwana a auna maka jini, ka rubuta kusa da nata. Ran da ɗayanku ya haura, a ranar za a kira mu, ba sai an ƙarar da sukarin gida ba."

Malam ya karɓi makullin, ya mayar aljihu, ya ɗan dafa shi ta waje. Sannan ya ɗago. "Wa ya gaya maka maganar sukari?"

Yaya Babba ya dubi kalanda.

"To shi ke nan, na yarda da sharaɗin. Ni ma ina da tambaya ɗaya. Wa ya ce wa Auta ta danna 'k' da ƙarfi?"

Yaya Babba ya tattara rahotonsa ya ce ana jiransa a wurin taro.

Umma da aka kai mata maganar mayafi cewa ta yi ita dama tun farko ta ga kalar ta fi dacewa da tafireta. Tela ya rage shi, ya cire soso ɗaya, yanzu yana can saman kabad ya lulluɓe mai shi. Butar shayi ba ta koma gida ba, don 'yan layi sun riga sun saba, sai dai yanzu ana sha Gwaggo na kunne. A jikin bango kusa da kalanda akwai takarda mai layi biyu da aka ja da rula, lambobi na sauka sati bayan sati.

Safiyar Alhamis kuwa har yau Tela na miƙo kwalba ta saman bango. Malam ya karɓa, ya tsaya a gaban Gwaggo ya ɗan jima, sannan ya juya ya ɗiga uku a ƙarfen da ƙyauren ƙofa ke juyawa a kai. Duk layin babu ƙofar da ke buɗewa shiru kamar tasa.